"Kalman nan kuwa ya zama mutum": abin da Helenanci ya faɗa da abin da bai faɗa ba

Tambaya: Ni ne nake koyar da ajin baftisma a ikkilisiyarmu. Nakan ji masu wa'azi suna cewa "a Helenanci kalmar nan tana nufin kaza" idan sun zo kan Yahaya 1:14 da Filibiyawa 2:7. Akwai wanda ya ce Yesu ya ajiye allahntakarsa a sama kafin ya sauko duniya, wai ma'anar kalmar ke nan. Mene ne ainihin abin da kalmomin Helenanci suke koya mana game da zaman Almasihu mutum? Yaya wanda bai karanci harshen ba zai tantance?

Amsa: Salama, ɗan'uwa. Filibiyawa 2:7, inda Bulus ya ce Almasihu ya wofintar da kansa, ba ta ce ya ajiye allahntakarsa ba, kuma zan nuna maka dalili daga ginin jimlar kanta. Amma bari mu fara kawar da wani zato da yake ɓata yawancin irin wannan wa'azi, wato zaton cewa kowace kalmar Helenanci kamar tukunya ce da aka rufe, wanda ya buɗe zai ga asirin da masu fassara suka ɓoye. Helenancin Sabon Alkawari, wanda ake kira Koine, shi ne harshen kasuwa da wasiƙa da takardar bashi a ƙasashen gabashin Bahar Rum a ƙarni na farko. Kalmominsa suna aiki kamar namu. Dubi "ci" a Hausa: ci tuwo, ci jarrabawa, ci amana, ci bashi, ci sarauta. Wanda ya ji an ce "ya ci bashi" sai ya fara bayani a kan tauna da haɗiya, ai bai ji Hausa ba. Jimla ce take zaɓar ma'ana ɗaya daga cikin ma'anonin kalma. Abin da Helenanci yake taimakonmu da shi a wannan koyarwa yawanci yana cikin yadda aka jera kalmomi gefe da gefe, da wadda marubuci ya ɗauka ya bar 'yar'uwarta.

Logos ita ce aka fassara "Kalma". Ta zo fiye da sau 300 a Sabon Alkawari, galibi da ma'anarta ta yau da kullum: magana, labari, batu, har da lissafin kuɗi, kamar a Matiyu 18:23 inda sarki yake so ya yi lissafi da bayinsa. Masanan falsafar Helenawa, tun daga Hiraklitus mutumin Afisa wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu, sun yi amfani da ita ga tsarin hankali da yake riƙe da duniya, Filo Bayahuden Iskandariya kuma ya haɗa wannan tunani da Attaura. Duk da haka mabuɗin Yahaya yana cikin kalmominsa biyu na farko, en arche ("a cikin farko"), waɗanda su ne daidai kalmomin da Farawa 1:1 ta fara da su a Saftuwajin, fassarar Tsohon Alkawari zuwa Helenanci da aka fara a Iskandariya a ƙarni na 3 kafin Almasihu. Mai karatu Bayahude zai tuna nan take da Allah da ya yi magana haske ya kasance, da Zabura 33:6 inda aka yi sammai da maganar Ubangiji. Bambancin da ake yawan yi a mumbari tsakanin logos (wai rubutacciyar kalma) da rhema (wai wadda Ruhu ya hura maka yanzu) ba shi da tushe. Yahaya 12:48 ta yi amfani da duka biyun ga maganar Yesu guda, haka ma 1 Bitrus 1:23 da 25.

Ka lura da wani abu a Littafi Mai Tsarki na Hausa. "Kalma" tamace ce a harshenmu, mukan ce "kalmar nan ta yi daɗi". Amma masu fassara sun rubuta "Kalman nan kuwa tare da Allah yake". Da gangan suka karya ƙa'ida, don mai karatu ya gane ana maganar wani ne mai rai, ba sautin baki ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan laƙabi, domin Alƙur'ani ya kira Annabi Isa kalmar Allah a Suratun Nisa'i aya ta 171, sai dai malaman tafsiri suna fahimtarsa da cewa an halicce shi ne da umarnin "kun". Yahaya kuwa yana cewa ta wurin Kalman aka halicci kome. Lafazin ɗaya ne, abin nufi daban, kuma ya kamata ɗalibanka su san wannan don kada su yi gardama a kan abin da ba su fahimta ba.

Inda ya fi kamata ka daɗe shi ne kan aikatau biyu. Na farko ēn, daga eimi, "kasance, akwai". Na biyu egeneto, daga ginomai, "zama, faru, samu". A aya ta 1 Yahaya ya yi amfani da ēn sau uku: Kalman yana nan, yana tare da Allah, shi Allah ne. Siffar aikatau ɗin tana nuna halin da ake ciki ba tare da nuna mafarinsa ba. Da ya zo kan halitta a aya ta 3 sai ya sauya: dukan abubuwa egeneto ta wurinsa. A aya ta 6, Yahaya Maibaftisma ma egeneto. Wato duk abin da yake da ranar farawa an ba shi aikatau na biyu, Kalman kaɗai aka bar wa na farko. Sai a aya ta 14 aka ɗauki aikatau ɗin halittu aka ɗora wa Kalman: ho logos sarx egeneto, "Kalman nan kuwa ya zama mutum". Wanda bai taɓa farawa ba ya shiga sahun masu farawa. Wannan jeri ya sake fitowa a 8:58, inda aka ce kafin Ibrahim ya samu (genesthai), "Ni ne" (eimi). Fassarar Hausa ta kama ēn na aya ta 1 da kyau da ta ce "Tun fil azal akwai Kalma".

Sai dai egeneto ita kaɗai ba ta warware kome, kuma nan ne mutane suke tuntuɓe. A Hausa mukan ce "ruwa ya zama ƙanƙara", inda abu ya bar halinsa na dā. Mukan kuma ce "Malam ya zama uba", inda bai daina zama wanda yake ba, ƙari ya samu. Helenanci ma haka yake: a Yahaya 2:9 wannan aikatau ɗin ne aka yi amfani da shi ga ruwan da ya zama ruwan inabi. To wanne ake nufi a 1:14? Sauran littafin ne yake amsawa. A ayar kanta an ce mun ga ɗaukakarsa, bayan ya riga ya zama mutum. A aya ta 18 an ce yana ƙirjin Uba, da siffar aikatau mai nuna abin da yake ci gaba. A 20:28 Toma ya dubi mai tabon ƙusa ya ce masa Ubangijina da Allahna. Saboda haka "zama" na Yahaya irin na ƙari ne.

Jimlar ƙarshe ta aya ta 1, theos ēn ho logos ("Kalman nan kuwa Allah ne"), takan jawo gardama domin theos ba ta da ƙaramar kalmar nan ho a gabanta, wadda aikinta ya yi kama da na alif da lam a Larabci. Shaidun Jehobah sun dogara da wannan suka ce "wani allah" ake nufi. Amma a wannan babi, ayoyi na 6 da 12 da 13 da 18 duk suna da theos ba tare da ita ba, kuma ba mai fassara su da "wani allah". Aikin ho a nan shi ne nuna wanda ake magana a kansa, wato Kalman. Theos kuwa an gabatar da ita gaban aikatau don ta bayyana irin abin da Kalman yake. Da Yahaya ya sa ho a duka biyun, da ya mai da Kalman da Uba mutum guda, ya rushe abin da ya faɗa yanzun nan cewa Kalman yana tare da Allah. Rashin ƙaramar kalma ɗaya ya tsare abu biyu: Kalman ba Uba ba ne, amma duk abin da ya sa Allah yake Allah yana gare shi.

Yanzu sarx. Yahaya yana da anthropos (mutum) da soma (jiki) a hannunsa, amma ya ɗauki wadda ta fi kowace kaushi, wato tsoka, nama. A bayanta akwai basar ta Ibrananci, kamar a Ishaya 40:6 inda aka kwatanta dukan masu nama da ciyawa. Ma'anarta ɗan adam ɗungurungum, ta fuskar rauninsa da mutuwarsa. Kurakurai uku sukan taso a nan.

Na farko shi ne a kwaso ma'anar Bulus a kawo wa Yahaya. A Galatiyawa 5 sarx tana nufin halin mutum mai tawaye ga Allah. A Bisharar Yahaya kuwa, inda kalmar ta zo sau 13, ba ta ɗauke da wannan nauyi a 1:14. Bulus da kansa ya yi taka-tsantsan a Romawa 8:3, ya ce Allah ya aiko Ɗansa "cikin kamannin jiki mai zunubi". Bai ce kamannin jiki kawai ba, don jikin na gaske ne. Bai kuma ce jiki mai zunubi kai tsaye ba, don ba shi da zunubi.

Na biyu shi ne a ce jikin gani ne kawai. Wannan koyarwa, wadda ake kira Docetism a Turanci, ta samo sunanta daga dokeo, "ya yi kamar". 1 Yahaya 4:2 da 2 Yahaya 7 suna yaƙi da ita, Ignatiyus bishop na Antakiya kuma, a farkon ƙarni na 2, ya yi ta nanata kalmar alethos, "da gaske", a wasiƙunsa: da gaske aka haife shi, da gaske ya ci ya sha, da gaske aka gicciye shi. A ajinka wannan kuskure zai zo da rigar gida. Wasu za su ɗauka rikiɗa ce, kamar yadda ake labarin aljani ya fito da siffar mutum a kasuwa sa'an nan ya ɓace. Wasu za su ɗauka kamar hawan iska ne a bori, inda iska takan hau mutum ta yi magana da bakinsa ta sauka. Na biyun nan ya yi kusa da abin da Iraniyus, wani bishop na ƙarni na 2, ya ce wani malami mai suna Kerintus ya koyar, cewa Almasihu ya sauko kan Yesu a baftisma ya bar shi kafin gicciye. Yahaya bai ce Kalman ya shiga cikin wani mutum ba, bai ce ya yi kama da mutum ba. Cewa ya yi ya zama.

Na uku ya fi wayo. Afolinariyus bishop na Lawudikiya ya riƙe sarx da ma'anarta mafi ƙunci, ya ce Kalman ya ɗauki tsoka, amma shi kansa ya tsaya a madadin hankalin ɗan adam. Majalisar Kustantiniya ta shekara ta 381 ta ƙi wannan. Giregori na Naziyanzus ya ba da hujjar a taƙaice: abin da bai ɗauka ba bai warkar ba. Idan hankalinmu da nufinmu sun fāɗi cikin zunubi, to dole Mai Ceto ya kasance da su. Bishara ma ta nuna haka: ya yi girma cikin hikima (Luka 2:52), ya gaji a bakin rijiya (Yahaya 4:6), ransa ya ɓaci ƙwarai (12:27), ya ji ƙishirwa (19:28). Shi ya sa Shaidar Bangaskiya ta Nikiya ta jera kalmomi biyu, sarkothenta (ya zama jiki) da enanthropesanta (ya zama mutum). A ganina masu fassarar Hausa sun yi daidai da suka zaɓi "mutum", don "nama" zai sa a tuna da mahauta, "jiki" kuma zai iya buɗe wa Afolinariyus ƙofa. Amma an yi hasarar abu ɗaya: mai karatun Hausa ba zai ga cewa kalmar 1:14 ita ce ta 6:51 ba, inda Yesu ya ce zai ba da naman jikinsa domin rayuwar duniya. Wannan haɗin aikinka ne ka nuna musu.

"Ya zauna a cikinmu" fassarar eskenosen ce, daga skene, alfarwa. Saftuwajin tana kiran alfarwa ta sujada da wannan suna, Fitowa 40:34 kuma ta ce ɗaukakar Ubangiji ta cika alfarwar. Da yake Yahaya ya biyo da "mun ga ɗaukakarsa" nan take, haɗin a fili yake. Amma kada a ce tun da alfarwa ce, zaman na wucin gadi ne, wai ya tuɓe jikin bayan ya koma sama. Aikatau ɗin, skenoo, ya zo sau biyar kacal a Sabon Alkawari, sauran huɗun duk a Wahayin Yahaya, kuma a 21:3 yana bayyana zaman Allah da mutane har abada. Kalmar Shekina, wato zaman ɗaukakar Allah cikin mutanensa, da ake yawan ambata a nan ta malaman Yahudawa ce na baya, ba ta cikin Tsohon Alkawari, ko da yake tushenta, shakan, yana ciki, ɗan'uwan sakana na Larabci.

Monogenes, wadda aka fassara "makaɗaici" a 1:14, ta zo sau tara. Luka ya yi amfani da ita ga ɗan gwauruwar Nayin (7:12) da 'yar Yayirus (8:42) da yaro mai aljan (9:38), duk 'ya'ya tilo. Ibraniyawa 11:17 ta kira Ishaku haka, alhali Isma'ilu yana nan, wato shi kaɗai ne irinsa, ɗan alkawari. Tsofaffin fassarorin Latin sun ce unicus, tilo. Jerom ne, mai fassara Littafi zuwa Latin a ƙarshen ƙarni na 4, ya sa unigenitus, "haifaffe shi kaɗai", a ayoyin da suke maganar Almasihu, ya bar unicus a Luka. Masana har yau sun rabu: wasu sun ce sashen ƙarshe na kalmar daga genos ne, "iri", wasu sun ce a maganar 'ya'ya ba a raba ta da haihuwa. "Makaɗaici" na Hausa ya tsaya a wuri mai aminci. Abin da babu saɓani a kansa shi ne ba a nufin haihuwa irin ta miji da mata. Ikkilisiya ba ta taɓa koyar da haka ba, Luka 1:35 kuma ta rufe ƙofar.

Mu zo kan Filibiyawa 2:6-7, inda tambayarka ta taso. Bulus ya ce Almasihu yana cikin morphe ta Allah, sa'an nan ya ɗauki morphe ta bawa. Tsofaffin masu sharhi sukan ce morphe ainihin ciki ce, schema kuma siffar waje. Rabon ya yi tsauri, domin wuri na uku kuma na ƙarshe da morphe ta fito, Markus 16:12, siffar da ido yake gani take nufi. Ƙarfin hujjar yana cikin maimaitawar. Idan surar bawa tana nufin ya zama bawa da gaske, to surar Allah ba za ta zama kwaikwayo ba. Ba ka da ikon ɗaukar ɗaya da nauyi ka sassauta ɗaya, ko ta wane gefe.

Harpagmos, wadda Bulus ya yi amfani da ita a aya ta 6 game da daidaitaka da Allah, sau ɗaya tak ta zo a Sabon Alkawari. Tushenta fizge ne, shi ya sa wasu suka fahimta cewa daidaitaka da Allah abu ne da ba shi da shi, ya ƙi ya fizga. Amma a rubuce-rubucen Helenanci na waje, idan irin wannan kalma ta haɗu da aikatau "ɗauka a matsayin", takan nufi abin da ya faɗo hannunka wanda za ka ci moriyarsa. Yawancin masana yanzu sun karkata nan: yana da daidaitakar, bai mai da ita abin amfanin kansa ba.

Sai ekenosen, daga kenoo, "mai da abu wofi". Ka yi wa jimlar tambaya uku. Me aka wofintar? Bulus ya ce heauton, kansa. Daga me? Jimlar ba ta faɗa ba, babu kalma ko ɗaya da ta ce allahntaka, ko iko, ko sani. Wanda ya ce "ya zubar da allahntakarsa" shi ya kawo wannan daga aljihunsa. Ta yaya? Nan Bulus ya amsa da kalmomi biyu da suka biyo, labon (yana ɗaukar surar bawa) da genomenos (yana zama cikin kamannin mutane). Wato wofintarwar ta hanyar ɗauka ce. Bayan haka ka dubi sauran wurare huɗu da Bulus ya yi amfani da aikatau ɗin: Romawa 4:14, 1 Korantiyawa 1:17 da 9:15, da 2 Korantiyawa 9:3. A duka huɗun ana maganar bangaskiya ko gicciye ko fahariya ta zama banza, ba a maganar juye tulu. Ma'anar ita ce ya mai da kansa ba kome ba. Koyarwar da ka ji ba sabuwa ba ce. Gotfirid Tomasiyus, malamin tauhidi a Erlangen ta Jamus a ƙarni na 19, ya ce Ɗan ya ajiye sanin kome da ikon kome da kasancewa ko'ina. Matsalarta ita ce Allah ba ya tuɓe sifofinsa kamar babbar riga, kuma Kolosiyawa 2:9 ta yi amfani da kishiyar kalmar: dukan cikar allahntaka, pleroma, tana zaune a cikinsa cikin jiki, da aikatau na yanzu. Ba na cewa wannan ya sauƙaƙa Markus 13:32, inda Ɗan ya ce bai san ranar ba. Ayar tana da nauyi, kuma babu ƙamus da zai ɗauke maka shi. Amsar ikkilisiya ita ce ya rayu da hankalin ɗan adam na gaske, mai koyo, mai iyaka, ba tare da ya daina zama wanda yake riƙe da dukan abu ba. Gara ka gaya wa ɗalibanka haka da ka ba su amsa mai sauƙi wadda jimlar Bulus ba ta ɗauke da ita.

Kalmomin majalisun ikkilisiya wani mataki ne daban, don yawancinsu ba daga Littafi aka ɗebo su kai tsaye ba. A Nikiya (Iznik ta Turkiyya a yau) a shekara ta 325, mabiyan Ariyus na Iskandariya sun yarda da kowane lafazin Littafi amma suna ba shi tasu ma'ana, sai aka kawo homoousios, "ainihi ɗaya da Uba", wadda ba su iya lanƙwasa ta ba. Bayan shekara talatin da 'yan kai wasu suka so a ƙara harafi ɗaya, homoiousios, "ainihi mai kama". Harafi ɗaya ne kuma ya raba gennetos (haifaffe) da genetos (wanda aka samar), a furuci kuwa kusan ɗaya suke, shi ya sa Shaidar ta fayyace: haifaffe ne, ba halittacce ba.

Hypostasis ta fi kowace ba da wahala. A Ibraniyawa 1:3 tana nufin ainihin Allah, Nikiya ma ta yi amfani da ita daidai da ousia, wato ainihi. Daga baya Helenawa suka keɓe ta ga kowane ɗaya daga cikin Uba da Ɗa da Ruhu. Masu Latin kuwa, da yake fassararta harafi da harafi ita ce substantia, kalmarsu ta ainihin Allah, da suka ji "hypostasis uku" sai suka zaci alloli uku ake faɗa. Taron Iskandariya na 362 a ƙarƙashin Atanasiyus, bishop na birnin, ya binciki ɓangarorin biyu ya ga abu ɗaya suke nufi. Saboda haka kada ka ɗauki ma'anar ƙarni na 5 ka karanta Ibraniyawa da ita.

A majalisar Afisa a 431 gardamar a kan Theotokos ce, "wadda ta haifi Allah". Nastoriyus bishop na Kustantiniya ya fi son Christotokos, "wadda ta haifi Almasihu", Kirilus na Iskandariya ya tsaya kan na farko. A kunnen Bahaushe "Uwar Allah" tana da nauyin ji, har ga Kiristoci da yawa. Amma batun ba ɗaukaka Maryamu ba ne, tambayar ita ce wane ne jaririn. Idan wanda ta haifa shi ne Kalman da kansa, to laƙabin daidai ne, kamar yadda Alisabatu ta kira ta uwar Ubangijina a Luka 1:43. Ba a ce allahntaka ta fara daga cikinta ba. A majalisar Kalsidon a 451 aka ce Almasihu ɗaya ne cikin physis biyu, wato allahntaka da mutuntaka, aka kafa shinge huɗu, duka da korewa: ba cuɗanya, ba sākewa, ba rarrabuwa, ba rabuwa. Biyun farko suna hana a ce allahntaka da mutuntaka sun narke sun zama abu na uku, biyun ƙarshe suna hana a ce mutum biyu ne a riga ɗaya. Ikkilisiyoyin Kibɗawa na Masar da Sudan, da na Habasha da Armeniya da Suriya, ba su karɓi Kalsidon ba, domin sun riƙe lafazin Kirilus na "physis ɗaya ta Allah Kalma wanda ya zama jiki". A bakin Kirilus physis takan nufi mai rai guda, kusan abin da Kalsidon ta kira hypostasis. Sunan ikkilisiyar Habasha, Tewahedo, yana nufin haɗewa zuwa ɗaya, tushensa guda da tauhidi. A tattaunawar 1989 a Masar da ta 1990 a Siwizalan, wakilan Otodoks na ɓangarorin biyu sun amince cewa bangaskiya ɗaya suke furtawa da lafuza daban, bayan rabuwar fiye da shekara 1,500.

Game da yadda za ka tantance da kanka, ba sai ka iya harshen ba. Ka samu Sabon Alkawari mai jera Helenanci da fassara layi bisa layi, akwai su kyauta a manhajojin waya, masu lambobin Strong, wato lambar da aka ba kowace kalma, da aka fara bugawa a 1890. Logos ita ce 3056, sarx 4561, skenoo 4637, monogenes 3439, kenoo 2758. Ka taɓa lambar, ka karanta duk wuraren da marubucin nan ya yi amfani da kalmar, kafin ka je ga sauran marubuta, sa'an nan Saftuwajin. Ga kenoo ayoyi biyar ne, aikin minti goma. Ka ajiye fassara uku a gabanka, biyu na Hausa da ɗaya na wani harshe da ka iya. Idan mai wa'azi ya kawo ma'anar da babu ɗayansu da ta kusance ta, to kusan kullum shi ne ya kauce, don yawancin fassarori aikin kwamitin masana ne na shekaru. Jerin ma'anonin da manhaja take nunawa a ƙarƙashin lamba zaɓi ne, ɗaya ake ɗauka, ba a tara su. Ka yi hattara da hujjar da aka gina kan tushen kalma, ko kan wata kalmar zamani da ta fito daga gare ta, kamar masu cewa dynamis ("iko") nakiya ce, wato dynamite, alhali sai a 1867 Alfred Nobel ya yi wa nakiyarsa rajista. Haka kuma idan aka ce maka siffar aikatau ta egeneto, wadda ake kira awuris, tana nufin "sau ɗaya tak, nan take", ka buɗe Yahaya 2:20. Da wannan siffa aka faɗi ginin Haikali, aikin da ya ci shekara 46.